Ruwan da Baba Ya Ba Motata

Ni dai a unguwarmu an san ni da abu biyu, baki da rashin yarda. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a lakkwal a nan Dakoro, har aka ɗora mini direktiris, wato shugabar makarantar, kuma duk matar da saƙo ya shigo wa a salula cewa ta ci kyautar kaza, wurina take rugowa in karanta mata. Ba na ko kai ƙarshen saƙon. Sai in ce, "Ke, goge! Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa ya san ki da zai ba ki kyauta?" Matan da na tserar daga hannun ƴan damfara Allah kaɗai ya san yawansu, kuma ban taɓa barin ko ɗaya ta manta ba.

To, wannan mai wayon ce ta sayi mota.

Kowa ya ce in aika Kwatano a kawo mini ta hannu, irin wadda kowa ke hawa. Na ce wallahi ba ni shiga abin da wata tsohuwar Baturiya ta gaji da shi. Na ƙulle bakin jakata shekara da shekaru, biki ya wuce ban yi anko ba, Salla ta wuce da tsohon zane, har ranar da na tafi Maradi na fito da ita sabuwa fil, ƴar ƙarama, fara tas, kujerunta cikin leda. Ledar nan wata huɗu ban cire ta ba. Zafin Dakoro kuwa kun san shi. In na sauko daga mota zanena manne yake da bayana, amma ban damu ba, a dai ga leda.

Ranar da zan fito da ita, mai sayarwa ya miƙo mini wani ɗan littafi ya ce wannan shi ne garanti, duk abin da ya lalace da kansa su za su gyara, ba ni ba da ko dala. Amma akwai sharaɗi. Ya buɗe kapo, murfin inji, ya nuna mini wata ƴar roba mai ruwa kore-kore a ciki, ya ce ruwan da ke sanyaya inji ke nan, kada a kuskura a zuba mata wani ruwa in ba nasu ba, ko na randa ko na rijiya. An zuba, garanti ta tashi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, da malamar lakkwal yake magana. Tuƙina kuwa, yaran unguwa sun ce keke na wuce ni, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Tafiyata ta farko Birnin Lalle na yi, gidan Baba.

Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma Baba mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Bai taɓa kallona ido da ido ba, bai taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. Inna ma ta gwada wannan kunyar, ta kasa, don wurinta na gaji baki. In Baba zai yi mini magana, ga ni zaune gabansa, sai ya juya ga Inna ya ce, "A ce ma waccan kaza." In Inna ba ta kusa, ya gaya wa duk wanda ke wurin. In ba kowa, ya gaya wa sansa.

San nan ja ne, mai farin goshi. Uwarsa ta mutu yana da kwana kaɗan a duniya, Baba ya raine shi da nonon akuya a bakin buta. Shi ke jawo guga daga rijiyarmu mai zurfin nan, shi ke kai taki gona a amalanke, shi ke kawo damin gero da kaka. Kuma shi ne abokin hirar Baba. Inna ta sha faɗa cewa abin da san nan ya ji daga bakin mijinta, ita ba ta ji rabinsa ba.

Baba ba malami ba ne, amma yana da wata ƴar moɗa ta silba da yake tofi a ciki. Jika zai yi tafiya, an sayo akuya, amarya za ta tare, sai ya ɗebo ruwan rijiya ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa, ya bayar a sha. Ni ban taɓa karɓa daga hannunsa ba. Ranar da zan tafi kolej a Maradi ina yarinya, a bakin ƙofar ɗakinmu na tarar da moɗar a ajiye, ba kowa a wurin. Na sha, na mayar inda na gan ta.

Da na shiga Birnin Lalle da motar nan, kai, an yi biki ba makaɗi. Mata suna guɗa, tsofaffi suna shafa ta suna sa albarka, ni kuwa na buɗe kapo na bar shi a buɗe wuni guda don kowa ya ga inji, ina bayani kamar ni na ƙera ta. Baba ko tashi daga tabarmarsa bai yi ba. Ya dai dubi sa ya ce, "Ka ji, an kawo maka abokin gasa, wai shi ba shi cin harawa." Da aka kira la'asar kowa ya watse, ni ma na shiga ciki na yi salla. Abin da ya faru a ƙofar gida a wannan ɗan tsakanin, ban sani ba sai bayan wata huɗu.

Mota tana da wata biyu a hannuna salulata ta yi ƙara ina zaune a biro, wato ofishina, da malamai. Muryar yarinya ce, ta fara da Faransanci mai santsi, ta dawo Hausa.

"Sannu Madam. Daga kamfanin da kika sayi mota nake kira. An gano wasu motoci irin taki sun fito daga masana'anta da pompon ruwa mai lahani. Ki kawo ta Maradi a canza miki, kyauta."

Kyauta! Na ƙara sautin salula, na yafito malamai su matso su ɗauki darasi.

"Ƴar nan," na ce, "nawa zan aiko miki tukuna?"

"Ba ki aiko komai, Madam. Motar kawai za ki kawo."

"Awo! Motar kawai! Wato ke ba ƙaramar ɓarauniya ba ce, motar ɗungurungum kike so. Ke ko kunya ba ki ji? Uwarki ta san sana'ar da kike yi?"

Na kashe. Malamai suka yi ta dariya, wani mushe, malami namiji, har da tafi. Bayan sati biyu ta sake kira, na yi mata wa'azi a kan wutar lahira har kiredin wayarta ya ji jiki. Karo na uku ban ɓata yawuna ba. Usur ɗin da nake tara yara da shi yana rataye a wuyana, na kafa shi a bakin salula na busa iya ƙarfina. Labarin usur ɗin nan ni da kaina na yaɗa shi a gari, wurin suna, wurin biki, har wurin gaisuwar mutuwa.

Wata Lahadi na kama hanyar Birnin Lalle da buhun shinkafa da sabulu. Tun a hanya na ji wani kuka yana fitowa ta gaba, ƙiii, ƙiii, na ce yashi ne. Ina isa ƙofar gidan Baba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe ta ƙarƙashin kapo, ruwan koren nan ya fara tsiyaya a ƙasa. Wayyo Allah! Na fito ina salati ina zagaya ta, na rasa inda zan kama.

Na kira makanike daga Dakoro, ya zo a kan moto. Ya jira ta huce, ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito yana girgiza kai.

"Madam, pompon ruwa ya tahi. Shi ke zagaya da ruwa cikin inji. In babu shi, ko ƙofar gari ba ki kai."

"Motar wata huɗu? Leda ma ban cire ba!"

Ya nuna mini ɗan yatsansa, wani abu fari-fari ya manne a kai. "Kin ga wannan? Kanwa ce. Wani ya zuba mata ruwan rijiya, ya cinye pompo. Garanti kam ki yi mata addu'a, ta riga mu gidan gaskiya."

Nan fa na tashi. Allah ya yafe mini abin da bakina ya faɗa a ƙofar gidan ubana, gaban maƙwabta. Na ce wane ɗan baƙin ciki ne, wane jahili ne, wanda bai san darajar abu ba. Na ce gumin shekaru ne aka zubar mini a ƙasa. Inna tana ja mini zane tana cewa in yi shiru, ban ji ba. Na ɗaga hannu sama na ce, "Hannun da ya zuba ruwan nan, Allah ya..."

Inna ta toshe mini baki da tafin hannunta.

Baba yana zaune a tabarmarsa, kansa a sunkuye. Bai ɗago ba. Ya ce wa Inna, a hankali, "Ki ce ma mai motar ga ta bar neman mai laihi nesa. Ni na zuba, ranar da anka kawo ta. Rabin moɗa ne, tohi na yi mata. Na ga hanya da nisa, kuma ita ɗai taka tahiya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Makanike ya shiga goge hannu da tsumma, maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ba komai, Baba." Amma kowa ya ji abin da na faɗa kafin wannan, kuma gaskiya a cikin cikina akwai komai. Ina jin kunya, ina kuma jin haushi, duka biyun a tare.

Yashin ƙofar gidanmu ba mota mai jan wata da za ta iya shigarsa. Baba ya tashi, ya kwanto sa, ya ɗaura masa igiyar guga, ya ƙulla a gaban motata. Haka muka ratsa Birnin Lalle: Baba a gaba, sa a tsakiya, ni a baya zaune kan leda na riƙe bolan, wato sitiyari, da hannu biyu kamar da gaske. Yara suna biye suna tafi. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Madam, wannan wane irin man esansi ne mai ƙaho?" Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Sa ya kai mu inda ƙasa ta yi ƙarfi, daga nan wata motar kasuwa ta ja ni zuwa Dakoro.

Kwana uku mota tana ƙofar gidana lulluɓe da tsohon zanen gado. Rana ta huɗu Inna ta kira ni, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ke, ubanki ya kira dillali. Jibi ranar kasuwar Dakoro zai kai sa kara, ya saida, ya gyara miki mota."

"Sa? Inna, wane sa?"

"Sa nawa gare shi? Kuma moɗar ma ya rataye ta. Jiya maƙwabciya ta kawo jaririnta tohi, ya ce ta kai wani wuri, hannunshi ba na albarka ba ne."

Na ce ta gaya masa ni zan gyara abina, kada ya kuskura. Na ji tana faɗa masa, na ji muryarsa daga nesa: "Wanda ya ɓata shi ka gyara." Wanda ya san Baba ya san an gama magana. Ga damina ta ƙarato, ga tsoho ba sa, ba mai jan guga, ba mai kai taki, ba wanda zai yi hira da shi. Duk saboda bakina.

Ina zaune a biro na haɗa kai da gwiwa, sai salula. Lambar nan ce. Na ce madalla, yau na sami wanda zan huce a kansa. Na ɗauka, na kai usur baki.

"Madam, don girman Allah kada ki busa!" in ji yarinyar. "Tambaya guda zan yi, in kin amsa ki busa. Motarki ta fara kuka ta gaba? Tana ɗigar da ruwa? Wani abu fari-fari ya taru a gefen pompo?"

Usur ya faɗo daga bakina.

"Wa ya ba ki labarin kanwar?"

"Ba kanwa ba ce, Madam. Ruwan motar ne da kansa yake ɗiga yana bushewa. Duk haka suke yi, shi ya sa muke ta kiranki. Ɗauko littafinki in karanta miki lambar shasi."

Ta karanta, ina bi da ɗan yatsa. Ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Amma ni duk tsiyata ba ni ƙarya, na ce, "Ƴata," don yanzu ta zama ƴata, "an zuba mata ruwan rijiya rabin moɗa." Ta ce in jira ta tambayi shugaban garajinsu. Ta dawo tana danne dariya.

"Ya ce rabin moɗa ko shayi ne ba ya cin pompo a wata huɗu. Ya ce laifin masana'anta ne, ba ruwansa da abin da kika zuba. Amma ya ce kada a ƙara."

Na yi guɗa a cikin biro. Ni, direktiris! Yaran aji na kusa suka leƙo ta taga. Nan take na kira Inna na zayyane mata, ta zayyana wa Baba. Na kasa kunne. Ya ce, "Ƴar boko ce, ta iya tsara magana. Ruhwa mini asiri taka yi." Inna ta ce masa har rantsuwa na yi, ya ce rantsuwar ma ta tausayi ce.

To, gani ya kori ji. Washegari da sassafe na sami wani kamiyo, babbar motar kaya, da zai kai wake Maradi, aka ja shi bakin tudu, ƙarti suka tura motata ta hau bayansa, aka kewaye ta da buhuna. Direba ya ce in shigo gaba. Na ce in bar ta ita kaɗai da buhunan wake? Na hau, na shige cikin motata, na ɗaura bel, na riƙe bolan. Haka na yi tafiyar nan, ina can sama ina kallon kan itatuwa. Da muka tsaya a Sabon Maci wata mai tallar ƙosai da ta san ni ta ɗaga kai ta gan ni, ta riƙe baki ta ce, "Madam, yau dai kin wuce keke!"

A kamfani na tambayi mai kiran waya. Aka nuna mini wata ƴar siririya, ba ta fi ƴar cikina ba. Na ce ni ce ta Dakoro. Ta ja kujerarta baya, ta rufe kunnenta na dama da hannu.

"Wannan har yau yana ƙara, Madam."

Na ba ta haƙuri da Hausa, na ba ta da Faransanci, na ciro turmin zane da na saya a hanya na ɗora mata a cinya. Na tambaye ta me ya sa ta ƙara kira bayan usur. Ta ce sunana ne kaɗai ya rage a takardarta, kuma ita ba ta son barin layi ba a cike ba. Na ce da a lakkwal ɗina take, da ita ce ta ɗaya.

Shugaban garajin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kai ni bayan garaji ya buɗe wani kwali. Pompo ne a ciki tuli, kowanne da farin abin nan a gefensa. Na ba shi labarin Baba da sa, na roƙe shi ya ba ni nawa in sun cire. Ya ce ba a bayarwa, mayar da su ake yi inda suka fito. Ya sosa gemu. Sai ya ce aro ba kyauta ba ne. Ya ce in tafi da biyu, nawa da na wani Alhaji na nan Maradi wanda motarsa ba ta taɓa ganin rijiya ba, in tsoho ya gani in aiko masa da abinsa.

Motoci suna gabana a layi, ba a gama tawa ba sai washegari da hantsi. Ranar kasuwa ke nan. Na kira Inna, ta ce tun da asuba suka fita, shi da sa, a ƙasa.

Jama'a, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni da ban taɓa wuce amalanke ba sai na yi masa sallama, ranar na wuce kamiyo biyu da motar haya. Ina tuƙi ina karanta duk addu'ar da na sani, pompo biyu suna ƙwanƙwasar juna a kujerar gefe. Leda ta dame ni da santsi, na kama ta da hannu ɗaya na fizge. Kafin azahar na shigo Dakoro, na nufi kara kai tsaye, inda ake cinikin shanu, ina danna oda, tumaki suna watsewa.

Tun daga nesa na hango farin goshin nan. Baba yana tsaye gefensa, dillali ya riƙe hannunsa na dama, ya riƙe na mai saye da ɗaya hannun, yana ƙoƙarin haɗa su. An riga an yi tayi biyu Baba ya ce albarka. An yi na uku, kuma na ga yadda kafaɗarsa ta sauka. Bakinsa ya buɗe zai ce ya sallama.

Na fito ko ƙofa ban rufe ba, pompo ɗaya a kowane hannu, mayafina yana jan ƙasa.

"Albarka!" na kwarma. "Albarka! Albarka na ce!"

Kowa a kara ya juyo. Dillali ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, san naki ne?"

Ban kula shi ba. Na durƙusa a cikin kashin shanu da zanena na fita unguwa. Na ɗaga kai zan yi wa Baba magana, na ga ya kawar da fuska, kunya ta kama shi a gaban mutane. To, ni ma ai ƴarsa ce. Na juya ga sa, na ajiye pompo biyu a gaban hancinsa.

"Kai," na ce, "ka gaya wa maigidanka. Wannan na motata ne, ya sha ruwan tofi rabin moɗa. Wannan na wani Alhaji ne a Maradi, ko warin rijiya bai taɓa ji ba. Ya duba ya gaya mini wanne ne wanne. Ka gaya masa da ciwonsu aka haife su, akwai cike da kwali irinsu. Ka kuma gaya masa sau uku yarinyar kamfanin motar tana kirana in kawo a canza mini kyauta tun ba ta lalace ba. Na farko na ce mata ɓarauniya. Na biyu na yi mata wa'azi. Na uku na busa mata usur a kunne. In akwai jahili a maganar nan, ga ta nan durƙushe."

Wani Bafillace da ke jingine da sandarsa ya fara dariya, sai kara duka ta ɗauka. Sa ya sunkuyo ya shinshina pompo, ya yi atishawa.

Baba bai yi dariya ba. Ya zare hannunsa daga na dillali, ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki ɗayan ya juya. Ya kankare farin abin da farce, na wannan da na wancan, ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Mutumin da ya shekara sittin yana ba dabbobi kanwa ba a yi masa bayaninta.

"Wagga ba kanwa ba ce," ya ce wa sa.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, ya karɓe igiya daga hannun yaron mai saye, ya ce, "Taho mu tahi gida, yau ba ranarka ba ce. Kuma ka tambayi mai usur, taurin kan ga wa ta gado?"

Dillali ya bi mu yana mita an ɓata masa ciniki, na ce ya yi haƙuri, ya zo lakkwal in ba shi shayi.

Na roƙi Baba ya shiga mota, wani ya kora sa. Ya ce wa sa shi bai saba barin aboki a hanya ba. Haka muka koma Birnin Lalle, su a gaba, ni ina biye a hankali. Ranar ce kaɗai tuƙina ya yi daidai da tafiya.

Mun isa bayan la'asar. Inna ta fito ta ga sa, ta rungume wuyansa, ta zage ni, ta zagi Baba a fakaice, ta koma ta ɗora tukunya. Baba ya ɗaure sa a turkensa, ya zuba masa harawa, ya zauna a tabarma yana matsa ƙafafunsa. Ni kuwa na shiga ɗakinsa, abin da ban taɓa yi ba, na sauko da moɗar daga ƙusar da ya rataye ta. Na ɗauraye ta, na cika da ruwan rijiya, na ajiye a bakin tabarmarsa. Na koma kusa da sa na tsuguna.

"Ka gaya masa," na ce wa sa, "mota tana da garanti. Ni ce ba ni da."

Sa yana tauna, Inna ta bar motsa tukunya. Na ce a raina ya ƙi, kuma in ya ƙi bai zalunce ni ba.

Sai na ji moɗar ta motsa. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin ya daɗe a tofi kamar na ranar ba. Da ya gama na jira ya ajiye ta a ƙasa ya tashi, yadda ya yi ina yarinya. Bai ajiye ba. Idonsa yana kan sa, ya miƙo hannunsa gefe, wajen da nake, ya tsaya a haka. Moɗar tana cikin hannun, ruwa yana taɓa bakinta.

Na matsa da gwiwa na karɓa. Yatsunsa suka taɓa nawa. Shekara arba'in da bakwai ina jiran wannan, ban ma san ina jira ba.

"Sha a hankali," in ji Inna daga bakin murhu, tana share ido da bakin zane, "kada ke ma pomponki ya tahi."

Ruwan yana da ɗanɗanon kanwa, kamar kullum. Na shanye tas, ban bar ko ɗigo ba.